Shawara: Muna Aiki Dare da Rana, Amma Ba Abin da Ke Ƙarewa

Assalamu alaikum Yaya. Ni ne nake jagorantar wata 'yar tawaga a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Kano. Mu bakwai ne: masu rubuta manhaja huɗu, mai zane ɗaya, mai gwaji ɗaya, sai ni. Shekara biyu kenan muna bin tsarin ajayil, wato gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa a tafe, muna aiki zango-zango na mako biyu, muna taron tsaye kowace safiya, ga allo ga katuna, kowane kati aiki ɗaya. Amma wallahi yau wata shida babu zangon da muka kammala abin da muka ɗauka. Da na ƙirga ɗazu, katuna 24 ne a layin "ana kai", alhali a mako da ƙyar muke gama huɗu. Kwastomominmu uku, kowanne yana kiran maigida, shi kuma sai ya turo mini saƙon murya a WhatsApp da tsakar dare, ya ce a ajiye komai a yi na wane. Yarana sun gaji, ɗaya ma ya fara neman wani wurin. Ni kaina ba na shiga gida sai bayan isha'i, har mai ɗakina ta fara magana. Makon jiya maigida ya dawo daga wani taro a Legas, ya ce daga yanzu tsarin lin za mu bi, wato a kawar da ɓarna. Ɓarna ta farko da ya hango kuwa ita ce mai gwajinmu, wai yana ganinta zaune ba aiki a farkon zango. Shin ni ne na gaza? In ajiye aikin ne, ko akwai mafita?

Ƙaninka, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a nemanka. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki tukuna. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma inda gizo ke saƙar yana cikin lambobi biyu da ka kawo da bakinka: 24 da 4.

Ka san telan da ke karɓar ɗinki ana saura kwana goma Sallah. Duk wanda ya kawo yadi sai ya ce masa ajiye, an gama. Don mai kaya ya ga an fara, nan take zai shimfiɗa shaddar ya sa almakashi. Kafin kwana uku shago ya cika da yankakken yadi: wannan ba a haɗa hannu ba, wancan yana wurin mai aikin wuya, wancan kuma saura maɓalli da guga. Telan bai huta ba, keke bai tsaya ba, a shago yake kwana. Ranar jajibere kuwa mutum ashirin ne tsaye a bakin ƙofa, babu mai riga a hannu. Yadin da aka yanka ba a ɗinka ba ya fi wanda ba a taɓa ba zama matsala, domin mai shi ba zai iya sawa ba, ba kuma zai iya ɗauka ya kai wa wani telan ba. Shagon nan shi ne ofishinku. Babu malalaci a cikinku, aikin da kuka yanka ne ya fi ƙarfin kekunanku.

Lissafin ma a bayyane yake. Wani malami Ba'amurke mai suna John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida a 1961 game da duk wani layin jira: idan ka raba yawan abin da ke cikin layi da yawan abin da ke fita a kowane lokaci, za ka sami matsakaicin tsawon zaman da kowane abu yake yi kafin ya fita. Raba 24 da 4. Mako shida kenan kowane katinku yake kwashewa daga farawa zuwa gamawa. To ta yaya aikin da ke cin mako shida zai ƙare cikin zangon mako biyu? Ko kun daina barci gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Amma da katuna takwas ne kawai a buɗe, kuna gama huɗun nan dai a mako, kowanne zai fita cikin mako biyu, ba tare da an ƙara wa kowa ko awa ɗaya ba. Ka riƙe wannan lissafin da kyau, da shi za ka shiga wurin maigida.

Yanzu batun lin. Maigidanku ya ji gaskiya amma rabinta ya ji, kuma rabin da ya bari a Legas shi ne mai muhimmanci. Abin ya samo asali ne daga kamfanin Toyota a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ba su da kuɗin tara kaya a sito kamar yadda manyan kamfanonin motoci na Amurka suke yi. Wani injiniyansu, Taiichi Ohno, shi ya ɗauki shekaru yana gina tsarin. Ya ƙirga ɓarna iri bakwai, kuma wadda ya fi tsana ita ce yin abu fiye da yadda ake buƙata ko kafin a buƙace shi, saboda ita ke haifar da tarin kayan da ba a gama ba, tarin kuma ya rufe duk wata matsala da ke ƙarƙashinsa. Ya lura da yadda manyan kantunan Amurka suke aiki: mai saye ya ɗauki abin da yake so daga kanta, sai a mayar da gurbin abin da aka ɗauka kawai. Haka ya juya masana'anta. Sashen da ke gaba ne zai aika da kati ya ce ina buƙatar kaza, sannan na baya ya ƙera. Babu kati, babu ƙira. Wannan katin shi ne kanban, kuma shi ne kakan katunan da ke allonku. Bambancin kawai, katunan Ohno ƙididdigaggu ne, an san adadinsu, naku kuwa duk wanda ya ga dama ya ƙaro.

Sunan lin ɗin ma ba Toyota ce ta raɗa ba. Wani mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, John Krafcik, shi ya fara amfani da shi a 1988, daga nan ya bazu. Kuma tun da ya bazu ake samun shugabannin da suka fahimce shi a matsayin rage ma'aikata. A 1950 Toyota ta shiga matsin kuɗi har ta rabu da ma'aikata da yawa, aka yi yajin aiki, shugabanta Kiichiro Toyoda ya sauka daga kujerarsa. Bayan wannan ɗacin ne kamfanin ya ginu a kan riƙe ma'aikaci na dogon lokaci, kuma da suka rubuta aƙidarsu a 2001, ginshiƙai biyu suka ambata: gyara a kai a kai, da mutunta mutane. Dalilin a fili yake. Duk tsarin ya dogara ne a kan ma'aikaci ya nuna inda ɓarna take. Ranar da aka kori mutum ɗaya da sunan kawar da ɓarna, daga ranar babu wanda zai sake nuna komai, kowa zai dinga nuna yana cikin aiki ko da babu.

Yadda abin ya iso duniyar manhaja gajere ne. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Yuta ta Amurka suka rubuta sanarwar ajayil. A 2003 Mary Poppendieck da mijinta Tom suka ɗauko ɓarnar Ohno guda bakwai suka nemo takwarorinsu a aikin manhaja, suka sa aikin da aka fara ba a gama ba a sahun gaba, tare da tsalle daga wannan aiki zuwa wancan, da jira, da kurakurai, da ƙara wa manhaja abubuwan da babu wanda ya nema. A 2004 kuma David Anderson ya fara gwada taƙaita yawan aikin da ke hannu da wata tawagar gyare-gyare a Microsoft, abin da daga baya ya zama hanyar kanban ta manhaja. Tsarin zango da taron tsaye da kuke bi, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, yana gaya maka yawan abin da za ka ɗauka a zango, amma ba ya hana mutum huɗu su buɗe kati goma sha biyu a ranar farko. Wannan gurbin lin yake cikewa. Ba sai kun watsar da abin da kuke yi ba.

Ga abin da nake so ka fara da shi, kuma kai kaɗai za ka yi, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Ɗauko katuna biyar na ƙarshe da kuka gama. Bi sawun kowanne tun ranar da aka buɗe shi: kwana nawa hannun mutum yana kansa da gaske, kwana nawa kuma yana kwance yana jira? Jiran mai zane, jiran wani ya duba abin da aka rubuta, jiran gwaji, jiran kwastoma ya amsa tambaya, jiran maigida ya ce a saki. Kada ka tambayi mutane daga kujerarka, je ka zauna kusa da su ku duba tare, gani ya kori ji. Mutanen Toyota ma haka suke yi, shugaba ya taka da ƙafarsa zuwa inda aikin yake. Ina kyautata zaton za ka tarar kwanakin jira sun ninka na aiki nesa ba kusa ba. Idan haka ne, ka ga duk matsa wa yaranka su ƙara sauri yana taɓa ƙaramin ɓangaren ne kawai, babban ɓangaren yana nan kwance babu mai kallonsa.

Daga nan sai ku sake zana allon yadda aikin yake tafiya a zahiri. Layi uku na "za a yi, ana kai, an gama" yana ɓoye abubuwa da yawa. Ku ware layin "yana jiran dubawa", da "yana jiran gwaji", da "yana jiran kwastoma", don kowa ya ga inda kaya suka taru. Sannan ku rubuta lamba a saman allon, ku yarda a tsakaninku cewa ba za a wuce ta ba. Ni da zan ce ku fara da takwas. Lambar ba wahayi ba ce, in ta matse ku ƙwarai ku sassauta, in ba ta taɓa hana ku komai ba ku rage. Sauran katuna 16 ba za a jefar da su ba, za a mayar da su layin jira ne da bayanin inda aka tsaya, su shigo ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da gurbi ya buɗe.

Nan ne wahalar take, kuma gara in gaya maka tun yanzu. Ranar da allo ya cika takwas, wani daga cikin masu rubutun zai gama nasa ya juyo ya ce, to ni me zan yi? Hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin ɗauko sabon kati, kai ma zuciyarka za ta ce maka ai bai kamata ya zauna ba. Kada ka bari. Ya je ya duba rubutun abokinsa da ke jira tun shekaranjiya. Ya zauna da mai gwaji su rage mata kaya. Ya kira kwastoman da ya riƙe amsa. Ya rubuta gwajin da kwamfuta za ta dinga yi da kanta. In duk babu, ya karanta abin da zai amfane shi. Zaman mutum na awa biyu bai kai asarar kati ya kwanta kwana goma ba, sai dai shi zaman mutum ana ganinsa da ido, kwanciyar kati kuwa ba mai gani. Titin da motoci suka cika shi maƙil babu sarari ko kaɗan, shi ne titin da ba a motsi a kansa. Tawaga ma haka take, in kowa ya cika taf, ƙaramin abu ya faɗo sai komai ya tsaya.

Taron tsayenku ma ku juya shi. Maimakon kowa ya karanto abin da ya yi jiya don ya wanke kansa a gabanka, ku tsaya a gaban allo ku fara daga katin da ya fi kusa da fita, ku tambaya: me ya rage wannan ya fita yau, wa zai kama? Sai na bayansa. Minti 15 ɗin da aka ware sun isa har da saura.

Mai gwajinku kuwa, ina roƙonka ka tsaya mata. Zaman da maigida ya gani a farkon zango da gaske ne, amma ya zo ya ganta a kwana biyun ƙarshe, lokacin da mutum huɗu suke juye mata aikin kwana takwas a lokaci ɗaya. Ka ce ba haka ake yi ba? Japanawa suna da suna ga wannan, mura, wato rashin daidaito, yau fari gobe ambaliya, kuma suna ɗaukarsa uwar ɓarna. Idan aka sallame ta, gwajin bai tafi ko'ina ba, kwastoma ne zai koma yi muku shi a kan manhajar da ke aiki, kuma ta bakin maigida za ku dinga jin sakamakon da tsakar dare. Maganin shi ne a daddatsa aiki ƙanana, abin da zai ƙare cikin kwana biyu ko uku, ya dinga isa gare ta kullum kaɗan-kaɗan. Kuma a sa ta tun farko, lokacin da ake tattauna abin da kwastoma yake so, ta faɗi yadda za ta gwada kafin a rubuta ko layi ɗaya. Rigakafi ya fi magani, kuskuren da aka tare a baki kafin a rubuta shi ba ya cin ko sisi.

Sai babbar magana, maigida. Ba na so ka ɗauke shi abokin gaba. Mutum ne da kwastoma uku suka sa a tsakiya, albashin mutum bakwai yana wuyansa a ƙarshen wata, kuma abin da kawai yake da shi na kwantar musu da hankali shi ne ya ce an fara. Irin maganar telan nan ce. Aikinka shi ne ka ba shi abin da ya fi "an fara" daɗin faɗa, wato "za ka karɓa ranar kaza", kuma ranar ta zo a karɓa.

Kada ka yi masa maganar a gaban yara, kada kuma ka yi ta a WhatsApp. Nemi lokacinsa ku zauna ku biyu, bayan la'asar ko duk lokacin da ka san hankalinsa a kwance yake. Fara da yaba shawarar da ya kawo, domin da gaske shawara ce mai kyau: Yallaɓai, maganar lin da ka zo da ita na bincika, kuma na gano inda ɓarnarmu ta fi yawa. Sai ka ajiye masa katuna biyar ɗin nan da kwanakinsu, ka yi masa lissafin 24 da 4 a takarda. Ka nemi abu biyu kawai, na gwaji, na tsawon zango uku. Na farko, a bar ku ku tsaya a kan takwas. Na biyu, a jingine maganar mai gwaji har gwajin ya ƙare. Shugaba yakan ƙi sauyi na dindindin, amma da wuya ya ƙi gwajin mako shida a kan shawarar da shi ya kawo.

Saƙon murya na dare ba zai daina zuwa ba, don haka ku yi masa ƙofa. Ku ware gurbi ɗaya tak a allo na gaggawa: manhajar kwastoma ta tsaya, kuɗin mutane ya maƙale, irin wannan. Abu ɗaya ne ke shiga a lokaci guda. In na biyu ya zo, ba za ka ce masa a'a ba, na san bakinka ba zai iya ba, kuma ba ma sai ka ce ba. Ce masa: to Yallaɓai, an karɓa, ga takwas ɗin da ke hannu, wanne kake so mu sauke? Wannan tambayar tana mayar masa da zaɓin da dama nasa ne, kuma tana nuna masa farashin da a da ba ya gani. Sau da yawa in ya dubi allon zai ce bari wancan ya fita tukuna. Taura biyu ba ta taunuwa, shi ma ya sani, ba a taɓa ajiye masa su biyun a gabansa ba ne. Kuma ka roƙe shi duk saƙo ya biyo ta hannunka, kada ya dinga kiran yara kai tsaye, domin yaron da maigida ya kira da kansa ba zai iya cewa komai ba sai to.

Wannan "to" ɗin ita ce abin da na fi jin tsoro a tawagarku, fiye da katunan. Mun taso da kunya da girmama na gaba, abu ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da shi. Amma a wurin aiki yakan sa yaro ya maƙale kwana uku a kan matsala bai faɗa ba, don kada a ce bai iya ba. A masana'antar Toyota an daɗe ana amfani da wata igiya da ke rataye a gefen layin haɗa mota, ana kiran tsarin andon. Ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala zai ja, shugaban rukuninsa ya taho da sauri ya taimaka, in ba a warware ba layin ya tsaya. Tunanin ya samo asali tun daga Sakichi Toyoda, wanda ya ƙera injin saƙa mai tsayawa da kansa in zare ya tsinke, don kada a yi ta saƙa yadi mai aibi. Da wani zai ce ai wannan halin Japanawa ne, sai a tuna masa da masana'antar motoci ta Fremont a Kaliforniya. General Motors, kamfanin motocin Amurka mai ita, ta rufe ta a 1982 tana kuka da ma'aikatan. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da akasarin mutanen nan dai, aka ba su igiyar da horon, ingancin motocinsu ya zama abin misali a cikin General Motors. Mutanen ba su canza ba, abin da ke faruwa da mutum in ya ce akwai matsala shi ya canza.

Igiyarku ba sai ta zama igiya ba. Jan kati ne ko wata alama da duk wanda ya maƙale fiye da rabin yini zai liƙa. Abin da zai raya ta ko ya kashe ta shi ne fuskarka a karo na farko da wani ya liƙa. In ka ce masa sannu, na gode da ka faɗa, mu gani, to gobe wani ma zai liƙa. In ka ce haba, wannan ɗan abin, ka rufe ƙofar kenan. Kai ma ka dinga liƙa naka a gabansu.

In matsala ta maimaita kanta, kada ku tsaya a kan wa ya yi. Ruwa ba ya tsami banza. Ohno yana da misalin da yake bayarwa: inji ya tsaya, me ya sa? Fis ya ƙone saboda nauyi ya yi yawa. Me ya sa nauyin? Babu isasshen mai a wurin juyawa. Me ya sa? Famfon man ba ya turawa sosai. Me ya sa? Sandarsa ta cinye. Me ya sa ta cinye? Babu abin tace mai, ɓarɓashin ƙarfe yana shiga. Wanda ya tsaya a tambayar farko fis zai canza, bayan 'yan watanni ya sake ƙonewa. A zaman bitar da kuke yi ƙarshen zango, ku ɗauki matsala ɗaya kacal ku bi ta haka har gindi, ku fito da gyara ɗaya da sunan wanda zai yi. Gyara ɗaya da aka aiwatar ya fi jerin goma da aka rubuta aka manta.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Manhaja ba mota ba ce. Masana'anta tana ƙera abu iri ɗaya sau dubbai, ku kuwa kowane kati sabon abu ne da ba ku taɓa yi ba. Saboda haka kada wani ya zo da agogo yana auna minti nawa kowa ya yi yana bugun kwamfuta da sunan lin, kada kuma a kira tunani da gwada hanya biyu kafin a zaɓi ɗaya ɓarna. Abin aunawa biyu sun ishe ku: kwana nawa kati ke yi daga farawa zuwa hannun kwastoma, da katuna nawa ke fita a mako. Rubuta ranar shiga da ranar fita a jikin kowane kati, shi kenan, ba sai kun sayi wata manhaja ba. Ka kuma sa rai makon farko da na biyu za su yi nauyi, kwastoman da aka mayar da aikinsa layi zai yi ƙorafi. Kira shi da kanka kafin ya kira maigida, ka gaya masa gaskiya: naka na nan, ga abin da ke gabansa, ga lokacin da muke sa ran shigarsa.

Ka tambaye ni ko kai ne ka gaza. Abin da zan ɗora maka ɗaya ne: ka yi ta karɓa kana cewa to, kana biyan bashin da barcinka da na yaranka, har maigida ya ɗauka rijiyar ba ta da ƙasa. Wannan kuskuren mai kirki ne, kuma yana gyaruwa. Daren da kuke rabawa ma yana cikin abin da ke lalata aikin, domin abin da aka rubuta da gajiya gobe sai an warware shi. Japanawan nan suna kiran ɗora wa mutum ko inji fiye da ƙarfinsa muri, kuma suna lissafa shi tare da ɓarna. Ka sa wa kanka lokacin tashi, ka tashi a gabansu don su ma su samu fuskar tashi. Mai ɗakinka tana da gaskiya, haƙƙinta ne. Zauna da ita ka gaya mata abin da kake shirin yi da tsawon lokacin da ka ɗiba, don ta san akwai ranar da za a duba. Yaron da ke neman wani wurin kuma ka kira shi gefe, ka tambaye shi abin da ya fi damunsa, ka saurara ba tare da kare kanka ba. Mai shirin tafiya ya fi kowa faɗin gaskiya.

In zango uku suka wuce, kwanakin katuna suka ragu, ka nuna wa maigida a takarda, amma duk da haka ya ce shi dai a buɗe komai kuma a sallami yarinyar, to a lokacin maganar neman wani wuri ta taso, kuma za ka tafi da abin da ka koya a hannunka. Amma ba mu kai nan ba. Ran Litinin ka ɗauko katuna biyar ɗin nan ka ƙirga kwanakinsu, kafin Juma'a ka samu zama da maigida. Bayan mako shida ka sake rubuto mini, ka gaya mini katuna nawa ne a allon da kuma ƙarfe nawa kake shiga gida. Allah ya dafa maka, ka gaishe da iyali.